Kalilu, Kuloci da Ƙanƙarar Azumi

Duk wanda ya taɓa zama a Unguwar Lalle ya san Kalilu, in bai san fuskarsa ba to ya san muryarsa. Wata bakwai ya yi a Maraɗi yana wanke motoci a ƙofar wani gareji, amma kafin ya iso gida wata bakwai sun koma shekara bakwai, soson wanki ya koma sifana. Tuƙi kam ya ɗan iya, don yakan matsar da motar da ya wanke daga rana zuwa inuwa. Sauran ilimin duk a baki yake. Tsarabar da ya kawo wa gari kalma ɗaya ce ta Faransanci, ambireyaj, wato kuloci, kuma ya yi ta jifan mutane da ita har yara suka haddace.

Aikinsa na gaskiya shi ne korar amalanken kawunsa Na'Allah, da shanu biyu, Fari da Goje, yana kai taki gona. Ya tsani aikin nan har cikin ransa. Abin da yake mafarki shi ne makullin tsohuwar a-kori-kurar Kawu ya kwana a aljihunsa, a riƙa ce masa direba.

Ana cikin azumin bazara, irin wanda ko akuya ba ta yarda ta bar gindin bango, sai direban Kawu ya tattara ya tafi haƙar zinariya. Ga shi a lokacin ne motar ke cin kasuwarta, don kullum takan je Isa ta ɗauko ƙanƙara, mutanen gari su sha ruwa da sanyi. Kalilu bai bari an kwana ba.

"Kawu, mi za ka nema waje?" in ji shi. "Ga direba cikin gida, ga makanike cikin gida. Ni da nih hwarke injin tirela Maraɗi, ni ɗai, nim maishe shi kahin azahar?"

Kawu Na'Allah ya daɗe yana kallonsa. "Kalilu, mota ba saniya ba ta."

"Shi ya sa nika son ta."

"To na ba ka yini guda. Gobe ka tahi Isa ka ɗauko buhu ashirin, ka biya ka ɗauko yayata Zulaiha gidan ɗiyarta. In ƙanƙara ta iso nan kahin la'asar tana ƙanƙara, makulli naka na. In ta iso ruwa, igiyar shanu na nan inda kar rataye ta."

Kafin a yi sallar isha'i Kalilu ya zaga gari kaf yana cewa kowa ya wanke kularsa ya jira, gobe za a ga ƙanƙarar da ko zufa ba ta yi ba. Da safe ya buɗe jaka ya fito da takalmansa na Maraɗi, sau-ciki masu kaurin ƙasa, waɗanda yake ajiye wa Salla. Ya taka su daga ƙofar ɗaki zuwa ƙofar mota, a hankali, don kowa ya gani. Da ya shiga kuma sai ya tuɓe su ya jera a gaban kujera, don direbobin wannan yanki ba su taka mota da takalmi, sun ce ɗan yatsa ne ke jin maganar inji. Ƙasan motar tsatsa ta cinye, an shimfiɗa tsohon buzu riɓi biyu don kada ƙafar direba ta leƙa titi.

Zuwa Isa lafiya lau. Aka loda ƙanƙara cikin buhunan ƙaiƙayi, aka rufe da tamfol, Inna Zulaiha ta hau gaba da ƙullin kayanta da casbi. Tsohuwa ce mai ƙaramin jiki, amma bakinta ya fi na ƙato kaifi.

A hanyar dawowa ne kan Kalilu ya fara girma. Ya ga mota na jin magana, ya ƙara wuta, har ya afka wani rami da ko jaki ya san a kauce masa. Motar ta yi sama ta dawo, kan Inna ya gaisa da rufi, duk abin da ke ƙasa ya yi tsalle ya sauya wurin zama.

"La'ilaha! Kalilu, mutane kaɗ ɗauko ko itace?"

"Inna, gwajin sifirin na. Haka aka yi Maraɗi."

Da suka iso Sabon Birni hantsi bai gama ɗagawa ba. Da ya wuce abinsa, da kafin azahar yana gida. Amma ina amfanin mutum ya zama direba 'yan tasha ba su gani ba? Ya karya sitiyari ya shiga tasha yana ta danna oda, ya nufi gindin dalbejiyar da 'yan kabu-kabu ke zama. Ya taka kuloci don ya sauke giya, kuloci ya je rabi ya tsaya. Ya sake takawa, ya sake tsayawa. Ya finciki giya, ta yi wata ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Ya taka birki da ƙarfi, motar ta shaƙe, ta yi tari biyu, ta mutu.

'Yan tasha suka taso. Kalilu ya laluba ƙasa don ya sa takalmi ya fita da martaba, hannunsa ya samo na dama. Na hagu babu.

Ya fito ƙafa ɗaya a takalmi, ɗaya a ƙasa. "Wa yaɗ ɗauke min takalmi? Yanzun nan! Ta taga anka zura hannu!"

Malami mai faci, wanda rumfarsa ke gefen bishiyar, ya ce, "Ɓarawon ƙahwa guda gare shi ke nan. A nemi mai sanda."

Aka kwashe da dariya. Kalilu ya bi ƙafafun mutane da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya yi rantsuwa cewa Sabon Birni ba garin amana ba ne, sannan ya tuna da mota.

A can gefe akwai Malam Wada, tsohon makanike, wanda ya shekara talatin yana kwanciya ƙarƙashin motoci har bayansa ya ɗan lanƙwashe. Ya matso a hankali ya ce, "Samari, in ka taka shi, shina kai ƙasa?"

"Rabi yaka tsayawa."

"To kahin komi, ka leƙa..."

"Malam Wada," Kalilu ya katse shi da murmushin tausayi, "wanga ba kuloci na ba irin naku. Ambireyaj na. Ka taɓa zuwa Maraɗi?"

"Ban taɓa ba."

"To zamna ka ga aiki."

Malam Wada bai yi musu ba. Ya jawo benci ya zauna, ya fito da casbinsa.

Kalilu ya ɗaga bonet ya buɗe ɗan kofin man kuloci. Cike yake. Duk da haka ya aika aka kawo man birki ya tuttula har ya malalo. Ya shiga ya taka, rabi. Ya fito yana kaɗa kai irin na wanda ya gano wani abu, sai idonsa ya faɗa ƙarƙashin mota. Motar ta tsaya ne kanta a gangare, ruwa na bin ƙarfe daga baya yana ɗiga daidai ƙarƙashin giya. Ya tara hannu ya ji sanyi ƙalau.

"Alhamdu lillahi, na kama shi! Ku taɓa ku ji. Sanyi yak kama hwarantin ambireyaj, ya manne. Shi ya sa bai saki."

Inna Zulaiha ta leƙo ta taga. "Ƙanƙarar Na'Allah ta, wawa, ita ka narkewa."

"Inna, ƙanƙarar da nil lulluɓe da ƙaiƙayi da hannuna? Ki yi ta jan casbi, ki bar inji ga masu shi." Ya juya ga jama'a. "Ku kama min, a tura ta rana. In hwaranti ya ji ɗumi da kainai za shi saki."

Mutanen tasha masu azumi ne, ba su da abin yi, ga kallo ya zo har gida. Suka tura motar daga inuwar dalbejiya zuwa tsakiyar fili, inda rana ke dukan ƙasa ba sassauci. Inna ta sauka ta koma benci kusa da Malam Wada, tana cewa ita ba faranti ba ce da za a gasa. Aka jira. Ɗigon ya zama tsiyaya, agwagin wani gida suka ji labari suka zo da iyalinsu.

"Kun gani?" in ji Kalilu. "Sanyin na hita."

Bayan sallar azahar ya sake takawa. Rabi. A nan ya tuna igiyar nan da ke rataye a bangon zaure, har yana jin kaushinta a tafin hannu. Amma tsoro bai taɓa rufe bakin Kalilu ba, ƙara buɗe shi yake yi.

"Saura dabarar manyan direbobi. A tada ta cikin giya, ta hizga, hwaranti ya ɓalle. Kowa shi kauce."

Ba wanda ya kauce, don ba wanda ya yarda za ta tashi. Ya sa giya ta ɗaya injin na kashe, ya murɗa makulli. Motar ta yi tsalle kamar an tsikari ɗan maraƙi, ta kama da gudu. Agwagi suka watse, 'yan kabu-kabu suka dare babura, wani mai sayar da dabino ya rungumi tirensa ya haye tebur. Kalilu ya zaga tasha sau biyu yana taka kulocin da ba ya jin kira, yana ihu a ba shi hanya, ya manta sarai cewa makullin da ya tada ta shi zai kashe ta. A zagaye na uku ta nufi rumfar Malami, ta ture tulin tayoyi, ta ɗora hancinta a kan rabin duron da yake gwada tib a ciki, ta mutu. Tayoyi huɗu suka gangara suka fita tasha, ɗaya har ta shiga layin masu kayan miya.

Malami ya tsaya da guduma a hannu. "Don azumi, Kalilu. Wallahi don azumi ɗai nib bar ka."

"Ai ta motsa," in ji Kalilu, yana fitowa da ɗingishi. "Ɗazu ko motsi ba ta yi. An ci rabin aiki. Yanzu iska ta rage. Malami, tunda kana kusa, shiga ka yi ta taka min kuloci, ni in kwance in hidda iskar."

Malami ya shiga, kuma duk haushin tayoyinsa a kan kulocin nan ya sauke. Ya yi ta nausarsa da diddige kamar mai kirɓa sakwara. Kalilu na kwance a ƙasa cikin taɓon ruwan ƙanƙara, ya kwance ɗan noti, ya kai fuska kusa don ya ga fitar iska da idonsa. Man birki ya yi tsartuwa ya cika masa baki.

Ya fito da rarrafe yana tofarwa. Nan take tasha ta rabu biyu. Wasu suka ce azuminsa ya karye, wasu suka ce man birki ba abinci ba ne. Mai dabino ya ce a tambaye shi ko ya ji daɗinsa, don a nan hukuncin yake. Inna Zulaiha ta ce su bar wahalar da kansu, azumin mutumin da ya yi ƙarya tun sahur ba ya jiran man birki.

Kalilu ya goge baki da hannun riga. Ya dubi rana, ta fara karkata. Ya dubi tamfol, ya ga ya ɗan kwanta, ya yi maza ya kau da kai. Ya ɗaga murya yadda har masu kayan miya za su ji: "An gama wasa. Za ni sauke giyabos."

Malam Wada ya tsayar da casbi. "Samari, sauke shi sauƙi gare shi. Maishe shi ad da wuya. Ka bari in leƙa cikin motar, ko kallo guda."

"Na hwaɗa ma Kawu ba shi ƙara biyan makanike. Ara min sifana ɗai, in kana son lada."

Tsohon ya ara masa akwatin gaba ɗaya. Kalilu ya shige ƙarƙashi. Ya kwance farfela, ya kwance salansar da ba ruwanta, ya ja wani siririn bututu da ya tare masa hanya har ya karye, ya ce dama ya tsufa. Da notuna suka yi yawa ya rasa wurin zubawa, sai ya tuɓe takalmin dama ya mai da shi kwano. Awa biyu ba a ganin komai nasa sai tafin ƙafafu biyu, ba a jin komai sai ƙarar ƙarfe da sunan Maraɗi. Ana kiran la'asar giyabos ya saki gaba ɗaya, ya faɗo tim cikin taɓo, saura ƙiris ya tafi da kunnensa.

Ya fito da farantin kuloci ya ɗaga sama kamar ya kamo kifi. Jama'a suka matso. Faranti lafiyayye, ko tabo babu.

"Mi as same shi?" in ji Malami.

"Cutar ciki ta. Ba kowane ido ka ganinta ba."

Daidai nan babur ya tsaya a bayansu. Inna Zulaiha ta daɗe da ba wani ɗan kabu-kabu lambar ƙanenta ya kira mata shi. Kawu Na'Allah ya sauka, bai yi wa kowa sallama ba, abin da ba a taɓa gani ya yi ba. Ya wuce kayan cikin motarsa da ke baje a ƙasa, ya je baya ya yaye tamfol. Buhu ashirin sun kwanta shame-shame, jiƙaƙƙen ƙaiƙayi kawai. Ya zura hannu buhu bayan buhu, a na ƙarshe ya samo ɗan dunƙule bai fi ƙwan kaza ba.

"Kawu, ambireyaj..."

"Yi shiru." Ya juya ga tsohon. "Malam Wada, don Allah duba min motata."

Malam Wada ya tashi, ya sa casbi a aljihu. Bai ɗauki sifana ba, bai kalli giyabos ba. Ya buɗe ƙofar direba, ya durƙusa, ya ɗaga gefen buzu, ya cusa hannu bayan kuloci. Ya ja, abu ya ƙi. Ya sa hannu biyu ya fizgo.

Takalmin hagu ne. Ramin hanyar Isa ya cilla shi ƙarƙashin buzu, ya je ya zauna daram a bayan kuloci, ya sha takun Kalilu da diddigen Malami yini guda har ya naɗe kamar gurasa. Malam Wada ya danna kulocin da tafin hannu, ya tafi har ƙasa ba gardama.

Tasha ta fashe da dariya. Mai dabino ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki. Malami ya karɓi takalmin ya ɗaga sama yana zagawa da shi. "Jama'a, an kama ɓarawon! Ga wanda yaz zura hannu ta taga!"

"Shi nika son ce maka tun hantsi," in ji Malam Wada, ba tare da ya yi dariya ba. "In kuloci ya tsaya rabi, ƙasanai aka hwara dubawa. Yanzu kau sai an samo bututun da kak karya. Kwana ukku, in an yi sa'a."

Kunya ta rufe Kalilu, kuma abin da ya fi kunyar ciwo shi ne yadda Kawu bai yi faɗa ba. Ya miƙo tafin hannu kawai. Kalilu ya zaro makullin ya ɗora masa. Kawu ya ba Malam Wada ɗan dunƙulen ƙanƙarar ya ce ya sha ruwa da shi, ya ɗora yayarsa a babur, don hanyar yanzu ba a yi mata yamma. Har ya tada injin ya waiwayo.

"Ka juye notunan mutane ka sa takalminka. Igiya na inda ka sani."

Ran nan Unguwar Lalle da ruwan randa mai ɗumi aka sha ruwa, kuloli wankakku jere a ƙofar gidaje.

Kwana huɗu bayan haka Kalilu na kan amalanke da lodin taki, ba takalmi, sai Goje ya turje a tsakiyar gari ya ƙi gaba. Mutanen da suka wanke kuloli suna zaune a inuwa, kuma ba su manta ba.

"Direba, ambireyaj na?"

"A tura shi rana!"

"A'a, ku ɗaga kohwatonai, halan takalmi na!"

Kalilu ya gyara zama ya ce, "Ku dai ku hwaɗi gaskiya. Takalmin da yat tsai da mota yini guda, kun taɓa ganin irinai garin ga?"

Bai rufe baki ba aka yi oda a bayansa. A-kori-kurar Kawu ce ta dawo daga Isa, tamfol a cike tim, wani Amiru a sitiyari, mutumin da ko Maraɗi bai san hanyarta ba. Dole Kalilu ya sauka ya ja shanu gefe ya ba ta hanya. Ta wuce shi a hankali, ta sauya giya ba ko ƙara, ya bi ta da kallo. A can baya, a jikin ƙarfen bodi, takalman sabon direban ne ke lilo, Kawu ya ɗaure su da igiya da hannunsa.